Gudun Fanfalaki a Hanyar Gwarzo da Kabo: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Okpekpe ƙauye ne a kan tudu cikin ƙaramar hukumar Etsako ta Gabas a Jihar Edo, ba nisa da Auchi. Kafin 2013, in ka bar wannan yanki da wuya ka haɗu da wanda ya taɓa jin sunansa. A shekarar ce wani mai harkar tallata wasanni, Mike Itemuagbor, ya fara shirya tseren kilomita 10 a kan titin da ya hau zuwa garin, lokacin Adams Oshiomhole yana gwamna. Bayan shekara biyu hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa tseren cikin jerin waɗanda ta amince da su a matakin tagulla, a 2023 kuma ya kai matakin zinariya. Yanzu, galibi a watan Mayu, 'yan tsere daga Kenya da Habasha ke yin takakkiya zuwa wannan ƙauye.

A nan arewa da an ce gudun fanfalaki, ko gudun yada-ƙanin-wani, hankali yakan tafi Legas ko abin da ake gani a talabijin daga Landan. Alhali wasa ne da ba ruwansa da filin ƙwallo mai ciyawa da kujeru. Titi yake so, titi kuwa ga shi nan ya fito daga Kano ta sabuwar Jami'ar Bayero, ya bi Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, ya isa Gwarzo bayan kusan kilomita 70, ya miƙe zuwa Dayi a Jihar Katsina. Saboda haka abin tambaya shi ne, me ke sa gudu a kan titi ya zama gasar da ake dawowa a yi kowace shekara, wadda in an ce wane ne zakara ba mai musu?

Farko dai tsere iri biyu ne. Akwai na kowa-da-kowa, irin na birnin Legas da aka fara ranar 6 ga Fabrairu 2016, wanda ya tashi daga babban filin wasa na Surulere. Duk wanda ya yi rajista ya shiga, daga ko'ina yake. Ɗan Kenya Abraham Kiptum ne ya cinye na farkon ya tafi da dala 50,000. Haka na Kaduna da aka yi a Nuwamban 2020, mai kilomita 21, shi ma 'yan Kenya ne suka zo gaba. Sai kuma gasar fitar da zakaran yanki. Ita tana da iyaka: 'yan yankin kaɗai ke neman kambun, hukumar wasan ce ke sa hannu a sakamakon, wanda ya ci kuma yana riƙe da sunan zakara har shekara ta zagayo ya zo ya kare shi ko a ƙwace. Yankin zai iya zama ƙananan hukumomi kaɗan, kamar Gwarzo da Kabo da maƙwabtansu Ƙaraye da Rogo da Shanono da Rimin Gado. Zai iya zama jiha, ko jihohi bakwai na arewa maso yamma, ko Afirka ta Yamma baki ɗaya. A Najeriya hukumar AFN ce ke kula da guje-guje da tsalle-tsalle, kowace jiha kuma tana da ƙungiyarta ta wannan wasa.

Sau da yawa ana haɗa biyun a tsere ɗaya. A tashi tare, baƙo da ɗan gari, amma kambun yankin sai a ba ɗan yanki na farko da ya iso. Ke nan wani daga Pankshin zai iya zuwa na ɗaya ya karɓi kyautar kowa-da-kowa, yaron Getso da ya zo na tara kuma a naɗa shi zakaran yammacin Kano. Ba cuta a ciki, haka ake yi a ƙasashe da dama, kuma ɗan garin yakan ci riba don ya gwada ƙafarsa da ta waɗanda suka fi shi. Inda rigima ke tashi shi ne wane ne ɗan yanki. Wanda aka haifa a nan yana zaune Kaduna? Ɗalibin da ke karatu a Gwarzo amma iyayensa na Bici? Duk wanda ya taɓa kallon kofin ƙwallon unguwanni ya san yadda maganar ɗan haya ke wargaza wasan ƙarshe. Dole a rubuta wannan ƙa'ida a manna ta tun ana rajista, ba ranar da aka ga baƙuwar fuska ta riga kowa isowa ba.

Sai nisa. Wanda duniya ta fi sani shi ne cikakken maraton, kilomita 42 da mita 195. Wannan tsawo mai ɗan guntu a wutsiya ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, inda aka tashi daga fadar Windsor, a 1921 kuma aka tsayar da shi ya zama ƙa'ida. Rabinsa kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Ƙasa da su akwai kilomita 10 da kilomita 5. Tazarar da ke tsakanin garin Gwarzo da garin Kabo ta haura rabin maraton, ba ta kai cikakke ba.

A ganina duk wanda zai fara gasa a wannan yanki ya fara da cikakken maraton, ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Kilomita 42 na nufin rufe titi awa biyar ko shida, da wuraren shan ruwa akalla takwas, da mutanen da suka yi wata huɗu suna shiri. Jikin ɗan Adam yana ajiye makamashin da zai kai shi wajen kilomita 30 ne yana gudu. Daga nan, in bai saba ba, ƙafafu kan ƙi ɗaguwa ko da zuciya tana so. Kilomita 10 kuwa saurayi lafiyayye zai iya gamawa cikin awa ɗaya bayan atisaye na wata biyu zuwa uku. Okpekpe da ita ta yi suna. Babban tseren Habasha da Haile Gebrselassie ya kafa a Addis Ababa a 2001, wanda dubun-dubatar mutane ke fitowa, shi ma kilomita 10 ne.

Amma ko wane nisa aka zaɓa, a nan ne yawancin tserukanmu na gida ke faɗuwa: awo. Sai a shiga mota, a dubi mita, a ce daga nan zuwa can kilomita 10 ne. Ko a duba waya. Yaro ya yi gudu, a ce ya gama cikin minti 27, a yi ta murna an sami wanda ya kusa kamo tarihin duniya, alhali titin kilomita 8 da ɗoriya ne. Hatsin da aka sayar ba tiya, mai saye da mai sayarwa duk ba wanda ya san abin da ya tashi da shi. Lokacin da aka yi a hanyar da ba a auna ba, ba a iya gwada shi da na bara, balle da na wani gari, kuma ba kocin da zai dube shi.

Hanyar awon da duniya ta yarda da ita, abin mamaki, keke ne. Ana ɗaura wata 'yar na'ura a gindin tayar gaba, tana ƙirga juyawar tayar. Kafin a fara, mai awo yakan sami wuri miƙaƙƙe mai akalla mita 300, ya auna shi da tef na ƙarfe, ya bi ta kai da keken sau huɗu don ya san ƙirge nawa ke yin kilomita ɗaya a wannan taya, da wannan iska, da nauyinsa. Sannan ya hau hanyar tseren. Ba tsakiyar titi zai bi ba, kuma ba hannunsa zai riƙe kamar direba ba. Zai bi mafi gajeren layin da ɗan tsere mai wayo zai iya bi, yana yanke kowace kwana. In ya gama sai ya koma wurin gwajin ya sake bi sau huɗu, don taya tana kumbura in rana ta yi zafi, ƙirgen ya sauya. A ƙarshe ana ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita, don in kuskure ya shiga hanyar ta fi tsawo, kada ta gaza. Wato cikakken maraton da aka auna daidai yana ɗauke da ƙarin mita 42. Takardar shaidar awon tana aiki shekara biyar, sai in an taɓa hanyar. Aikin kwana ɗaya ne ko biyu, ana buga ƙusa a kwalta a shafa fenti a wurin tashi da wurin juyawa da wurin ƙarewa. Kuɗinsa bai kai na rumfunan manyan baƙi ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafi tsere daga gari zuwa gari. Kafin a karɓi lokaci a matsayin tarihin duniya, tazarar wurin tashi da wurin ƙarewa, in an ja layi miƙe, kada ta wuce rabin tsawon tseren, gangara kuma kada ta wuce mita ɗaya a kilomita. Dalili shi ne iska: mai gudu fuska ɗaya tun daga farko har ƙarshe, iska na iya tura shi ta baya. Shi ya sa a 2011, da Geoffrey Mutai ya gama maraton na Boston cikin awa 2 da minti 3 da sakan 2, abin da ba wanda ya taɓa yi a lokacin, ba a rubuta masa tarihi ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa. Wanda ya taso daga Kabo ya nufi Gwarzo tana bayansa, wanda ya taso daga Gwarzo kuwa ƙirji zai ba ta. Hakan bai hana gasar zama gasa ba, tunda kowa iska ɗaya ya sha. Sai dai kada a gwada lokacin zuwa da na dawowa.

Bari mu dubi inda muke. A Oktoban 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya gama maraton na Chicago cikin awa 2 da sakan 35, wato kowace kilomita cikin minti 2 da sakan 51, sau 42 a jere. Daniel Ebenyo, shi ma ɗan Kenya, da irin wannan saurin ya gama Okpekpe a shekarar, minti 28 da sakan 28, a kan hanya mai hawa. A Najeriya, lokacin da Abbas Mohammed ya kafa a 1990, awa 2 da minti 16 da sakan 6, ya yi fiye da shekara 30 ba wanda ya taɓa shi. Abbas ya wakilci ƙasar a Olamfik ta Seoul a 1988 tare da Yohanna Waziri. Ƙasar da ta fitar da Chioma Ajunwa da Tobi Amusan a tsalle da gajeren gudu, a dogon gudu ta tsaya inda take tun zamanin mulkin soja.

'Yan abin da ake samu yawanci daga Filato suke fitowa. A tseren Legas na 2020 Emmanuel Gyang ne ya fara isowa cikin mazan Najeriya, matarsa Deborah Pam kuma cikin mata. Ba a banza ba. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, Pankshin ta ɗan fi haka. A kan tudu iskar oksijin da huhu ke samu a kowane numfashi ta fi ƙaranci, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, in mutum ya sauko ƙasa ya ji numfashi ya yi masa sauƙi. Iten ta Kenya tana wajen mita 2,400, Bekoji ta Habasha wajen 2,800. Birnin Kano bai kai mita 500 ba, yammacin jihar ya ɗan ɗara kaɗan. Kada a yaudari kowa: ƙasar Gwarzo da Kabo ba ta da wannan baiwa ta tudu.

Sai dai tudu kaɗai bai taɓa yin zakara ba, in ba haka ba da tsaunin Mambila ya cika duniya da 'yan tsere. Bekoji ƙaramin gari ne na manoma. Abin da ya same shi malamin motsa jiki ne, Sentayehu Eshetu, wanda ya yi shekaru yana tara yara da sassafe. Ta hannunsa Derartu Tulu ta bi, wadda ta ci zinariyar mita 10,000 a Olamfik ta 1992, haka Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. A Iten ma malamin makaranta ne, Colm O'Connell, ɗan Ayalan da ya zo koyarwa a sakandaren St Patrick a 1976. Mu ma muna da namu gadon ƙafa. Fatake sun taka daga Kano har Gwanja neman goro, zagage na gaban dokin sarki, mafarauta na wuni a daji, yaran ƙauye da yawa har gobe da ƙafa suke zuwa makarantar da ke wani gari. Juriya ce ta gaske, amma juriyar tafiya daban, saurin tsere daban. Mai haɗa su shi ne malamin da zai riƙe agogo, da gasar da yaro zai sa a ransa tun watanni kafin ta zo. Makarantun kwana na da sun san haka, shi ya sa ba a gama wasannin gidajen ɗalibai ba tare da an zaga daji da gudu ba.

Abokin gabar ɗan tsere a ƙasar Kano zafi ne. Mai gudu jikinsa na haifar da zafi ninki-ninki fiye da na mai zaune, gumi ne ke fitar da mafi yawansa. Dogon gudu ya fi daɗi a yanayin da bai wuce digiri 10 zuwa 15 ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, sai da aka kai maraton na mata tsakar dare don gudun rana, duk da haka cikin mata 68 da suka tashi 28 ba su ƙarasa ba, kuma waɗannan ƙwararru ne. Saboda irin wannan aka ɗauke maraton na Olamfik ɗin Tokyo aka kai Sapporo can arewa. A nan kuwa daga Maris zuwa Mayu rana na kaiwa digiri 40. Wanda ya sa tsere a bazara da ƙarfe 10 na safe saboda sai lokacin babban baƙo zai iso, da rayukan 'ya'yan mutane yake wasa. Da damina mutane na gona, ga laima da ke hana gumi bushewa. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da sanyin asuba ke sauka ƙasa da digiri 15. A tashi da gari ya waye, wajen ƙarfe 7, kafin 9 an watse. Hunturun ma yana da nasa sharri: ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya haƙura.

Wani abu da masu shiri ya kamata su lissafa tun yanzu: azumi yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma ya doshi tsakiyar hunturu. Na 2030 a farkon Janairu zai kama, shekarun da ke biye kuma cikin Disamba da Nuwamba. Gasar da aka ɗaure da rana ɗaya ta kalandar Bature za ta yi karo da shi. Gara a rubuta tun farko cewa in ranar ta faɗo cikin Ramadan, ga makon da za a koma. Haka nan ba a sa tsere ranar Juma'a, ba a sa shi ranar da kasuwar Getso ko ta Gwarzo ke ci, lokacin da motocin hatsi da na dabbobi suka cika hanya.

Don titin ba na 'yan tsere ba ne, aro za a yi. Hanyar Gwarzo babbar hanya ce da manyan motoci ke bi zuwa Malumfashi da Funtuwa, rufe ta ko na awa ɗaya sai da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra da 'yan Karota, sai kuma an zauna da 'yan yuniyon na tasha tun da wuri. Sau da yawa ya fi sauƙi a zaɓi reshen hanya mai ƙarancin motoci, a je a juyo. Hakimi da dagatai da masu unguwanni su ne za su sa a yi shela a ɗaure awaki, a riƙe ƙananan yara, 'yan acaɓa kuma su daina bin 'yan tsere suna hon. Ƙa'idar duniya ta ce a ajiye abin sha kusan kowace kilomita 5, in da zafi a ƙara. Ruwan leda ya wadatar, sai dai a sa masu tsince ledar, don tana zamar da na baya. Mota ɗaya a gaba, motar asibiti a bayan na ƙarshe, ma'aikatan lafiya a wurin ƙarewa da randunan ruwan sanyi.

Randunan nan ba na sha ba ne kawai. In ɗan tsere ya fara tangaɗi, yana sambatu, bai gane inda yake ba, zafi ne ya buge shi, kuma minti kaɗan ke tsakaninsa da mutuwa. Abin yi shi ne a kai shi inuwa a yi ta kwarara masa ruwan sanyi nan take, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa a baki. Akwai kuma akasin haka da mutane ba su cika sani ba: wanda ya yi ta ɗirkar ruwa fiye da ƙima a dogon tsere, gishirin jininsa kan tsinke, shi ma yana kisa. A sha gwargwadon ƙishi. Wanda ya yi zazzaɓi cikin makon, ko yake jin ciwon ƙirji, ko ya taɓa suma wajen motsa jiki, ya bari sai baɗi. Mai sikila, da wanda ke ɗauke da rabinta a jini, da wanda ya haura shekara 40 bai saba gudu ba, su ga likita tukun. Yara 'yan ƙasa da 18 a ba su gajeren nisa nasu daban.

Maganar ƙwaya ba sai an ɓoye ba. Saurayin da ya saba shan taramol don ya yi noma ko dako zai ga ba laifi ya sha don tsere. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Ko ba haramci, yana rufe wa mutum ciwon da ke gaya masa ya tsaya. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma, in aka haɗa su da gudu da ƙarancin ruwa, ƙoda suke taɓawa. Manya ma ba su tsira ba: Abraham Kiptum ɗin nan da ya ci Legas a 2016 da 2017, an dakatar da shi shekara huɗu a 2019, aka kuma soke tarihin duniya na rabin maraton da ya kafa a Valencia. Ban da ƙwaya akwai wani maguɗin, shi kuwa tsoho ne. A Olamfik ta 1904 wani Ba'amurke, Fred Lorz, mota ya hau ta rage masa kusan kilomita 18, ya sauka ya shigo fili ana tafa masa. A wurinmu acaɓa ce za ta yi wannan aiki. Manyan tseruka na maƙala 'yar na'ura a lambar ƙirji, tana rubuta wucewar mutum a wurare daban-daban. Inda ba kuɗinta, mutum biyu da littafi a wurin juyawa suna rubuta lambobi, ana kuma rataya wa kowa zare mai launi a wuya, sun isa.

Ga mai son shiga, shirin ba wuya. Kwana uku ko huɗu a mako, gudu a hankali yadda zai iya hira da na kusa da shi, rana ɗaya kuma ya ɗan tsawaita. Ƙari kaɗan-kaɗan. Kuskuren 'yan ƙwallo shi ne su fita da ƙarfi kamar an biyo su, kafin kilomita 3 sun zube. Abinci ba sai na kanti ba, zakarun Kenya tuwon masara da ganye da shayi mai madara suke ci. Takalmi ko na gwanjo ne, in ya zauna a ƙafa ya yi, amma kada a fara sa sabo ranar tsere. Abebe Bikila ya ci maraton na Rum a 1960 ba takalmi, gaskiya ne, sai dai da yamma aka yi shi zuwa dare, ba a kan kwaltar da rana ta gasa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne karo na biyu da na biyar da na goma. Tseren hawan dutsen Obudu da aka fara a 2005 zamanin gwamna Donald Duke ya yi tashe, da kyautar dala 50,000, zakarun duniya suna zuwa. Da gwamnatoci suka sauya sai ya dusashe. Gasar da ke rataye a aljihun mutum ɗaya, tare suke sauka daga kujera. A ƙetare iyaka kuwa, kokawar takobi ta Nijar tana nan tun 1975 da aka fara ta a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. An yi juyin mulki sau da dama a ƙasar, kokawar ba ta mutu ba. Tana zagaya jihohi, kowace jiha cikin takwas tana zaɓo 'yan kokawa 10, don haka kowa na jin tasa ce, kuma kafin a je babban fage an riga an yi ta tankaɗe a ƙauyuka. A Kano ma kofin Ramat na matasan 'yan ƙwallo ya daɗe saboda an ɗaure shi da watan Fabrairu na tunawa da Janar Murtala Muhammad.

Garuruwa biyu kuwa suna da hanyar raba gardama. Tseren Comrades na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, bana in an tashi daga wannan gari baɗi sai a tashi daga wancan. Japan kuma suna da tseren miƙa-wa-na-gaba a kan titi, mafi shahara shi ne na Hakone da ake yi ranakun 2 da 3 ga Janairu, kowace jami'a da mutum 10, kowa ya gudu nasa zangon ya miƙa wa ɗan'uwansa ɗamara. Wannan ya fi kama da mu. Gwarzo na da mazaɓu 10, Kabo na da 10. A ce Kutama da Lakwaya da Garo da Gude da Durun kowace ta kawo mutum biyar ko shida, kowa ya ɗauki kilomita 5, an haɗe tazarar garuruwan biyu ba tare da an wahalar da kowa ba. Ko a tseren kilomita 10 ma ana iya fitar da ƙungiyar da ta ci, ta hanyar tara matsayin mutum huɗu na farko na kowace mazaɓa, mai ƙaramin jimla ita ce gaba. Da haka wanda ya zo na 30 ma yana da dalilin matsawa ya wuce na 29.

Batun mata yana buƙatar a zauna da iyaye da malamai, ba a yi gaban kai ba. Akwai misalai daga ƙasashen Musulmi. Nawal El Moutawakel ta Maroko, wadda ta ci zinariya a Olamfik ta 1984, ta kafa tsere na mata zalla a Kasabalanka tun 1993. Sifan Hassan, wadda ta ci maraton na Olamfik a Faris a 2024, da ɗankwali a kanta ta karɓi lambarta. Ba dokar wasan da ta hana doguwar riga da wando da rufe kai. A yankin da ke da makarantun 'yan mata kamar na Kabo, ana iya farawa a cikin harabar makaranta, malamai mata na riƙe da agogo, a rubuta sakamakonsu a littafi ɗaya da na maza.

Littafin nan shi ne kayan gasar na ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa. Sunan kowa da shekarunsa da garinsa da lokacinsa, daga na ɗaya har na ƙarshe, da sa hannun alƙalan ƙungiyar wasan ta jiha, a aika kwafi ga AFN. Da shi za a san yaron da ya yi minti 38 bana ya yi 35 baɗi, a san wanda ya cancanci a tura shi Pankshin ya yi wata biyu yana atisaye a kan tudu, ko a saya masa tikitin mota zuwa Okpekpe. Kyauta kuma gara a shimfiɗa ta har mutum na 10, a kuma biya a wurin, a gaban jama'a, kafin a naɗe rumfa.